Gudan jini a huhu bayan haihuwa, awon jinina ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, don Allah ina neman shawara, musamman daga likitoci da waɗanda suka taɓa wannan ciwo.

Bayan na haihu gudan jini ya taso daga ƙafata ya toshe min jijiyar huhu. Alhamdu lillahi an ceto ni, an ɗora ni a kan warfarin, maganin hana jini yin guda, na aƙalla wata 3. Likita ya ce awon INR, wato gwajin da ke nuna saurin daskarewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3, amma nawa yau ya sauka, gobe ya hau. An ce ganye mai sinadarin bitamin K na rage wa maganin ƙarfi, ga shi abincin jego a gidanmu bai wuce miyar kuka, zogale da alayyafo ba. Na nemi a canza min zuwa wani maganin irinsa mai suna rivaroxaban, aka ce ba a so mai shayarwa ta sha.

Ganyen zan bari gaba ɗaya, ko in riƙa cin daidai gwargwado kullum? Sannan har yanzu ko tsakar gida na share sai haki, ƙirjina ya riƙe, tsoro ya kama ni. Haka warkewar take, ko in koma asibiti kafin ranar da aka ba ni?