Dashen haƙori ga mai ciwon dasashi

Hajiyar Agege: Salamu alaikum jama'a. Za a cire wa yayata haƙorin turmi na ƙasa, kuma dasashinta na jini in tana goge baki. A yi dashe nan take ko a jira? Ina ya fi a nan Legas?

Malamin Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, amma ta fara da ɓangaren masu duba dasashi.

Dakta Obalende: Hajiya, don Allah kada a yi gaggawa. Ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙorin farko su ne za su ci ƙashin da ke riƙe da dashen, kuma sau da yawa ba ya ciwo sai ƙarfen ya fara motsi. A fara auna ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya lau ne, daga 4 zuwa sama akwai aiki. Sai a kankare dattin da ya daskare har ƙarƙashin dasashi, a sake aunawa bayan mako 6 zuwa 8. In jinin ya tsaya, sai a yi maganar dashe. Shi kansa dashen ƙusa ce ta titaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ta kamar wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a sa mahaɗi, a ɗora haƙorin a kai. Turmin ƙasa kuwa jijiya na bi ta ƙarƙashinsa, in aka taɓa ta leɓe zai iya daina jin taɓi, shi ya sa ake ɗaukar hoton CBCT, mai nuna ƙashin ta kowane ɓangare, kafin a huda. Wanda ya ce zai dasa ba tare da ya auna dasashi ba, a bar wurinsa.

Ɗan Mile 12: Dakta ka manta suga. A yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, in ya hau sosai rauni ba ya warkewa da wuri.

Dakta Obalende: Gaskiyarka. Da sigari. A kuma faɗa wa likita in tana shan maganin tsinka jini, ko na ƙarfin ƙashi. Amlodipine, maganin hawan jini, ma yana kumbura wa wasu dasashi.

Anti Nas: Ranar cirewa ta cije audugar minti 30 zuwa 45. Ban da kurkure baki da tofar da yawu da ƙarfi har awa 24, kada gudan jinin ya fita ramin ya bushe. Washegari ta kurkure da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a hankali.

Malamin Idi-Araba: Asuwaki ya wadatar, iyayenmu da shi suka tsufa da haƙoransu.

Anti Nas: Malam, asuwaki na da amfani, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, can kuwa cutar take zama. Sai ɗan burushin nan na tsakani, kullum da dare.

Malamin Idi-Araba: In an iya riƙe asuwakin yana shiga.

Anti Nas: Gefen turmin baya? A'a Malam.

Ɗan Mile 12: Gawayi da gishiri dai a daina, suna cinye haƙori. Sa asfirin a kan dasashi ma ƙona shi yake.

Alhaji Alaba Rago: Dakta, haƙorin Makka fa, yana hana dashe?

Dakta Obalende: Ba ya hanawa Alhaji, sai dai in gefensa bai zauna daidai ba abinci na taruwa a ƙasa, a duba shi. Hajiya, maganin kurkure baki na chlorhexidine kada ya wuce mako 2 sai da izinin likita, yana rina haƙora. Bayan dashe kuma wankin haƙori a asibiti duk wata 3 ko 4.

Hajiyar Agege: Na gode, Allah ya saka. In an jira, ƙashin wurin ba zai ragu ba?

Dakta Obalende: Yana raguwa, musamman watannin farko. Ta tambaya ko za a cika ramin da garin ƙashi ranar cirewar.