Ƙwaya ɗari a rana za ta rage wa tsufa gudu?

Baban Ummi: Jama'a, ni dai na tsaya a kan bakata: da abinci da ƙwayoyin ƙarin sinadarai ana iya rage wa tsufa gudu. Ga Bryan Johnson nan, Ba'amurken da ya sayar wa PayPal kamfaninsa Braintree a kan dala miliyan 800 a 2013. Kusan dala miliyan 2 yake kashe wa jikinsa duk shekara. Tun kafin azahar ya gama cin abincin yini, takwas da rabi na dare ya kwanta, har akwai lokacin da yake haɗiyar ƙwaya sama da 100 a rana. Haihuwar 1977 ne, ku nemi hotonsa ku gani. Mai irin wannan kan ba zai zubar da kuɗinsa a banza ba.

Kawu Direba: Ƙwaya ɗari? To ai dole ya bar cin abinci da wuri, ya riga ya ƙoshi.

Malamar Asibiti: Yaya, hoto ba hujja ba ne. Wannan bawan Allah a 2023 ya sa aka ɗebi ruwan jinin ɗansa matashi aka ƙara masa, daga baya da bakinsa ya ce bai ga amfani ba, ya daina. Maganin rapamycin ma, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, ya sha shi shekaru, a 2024 ya ajiye saboda cututtukan fata da hawan sukari da kitse a jini. Amma abin da ya fi damuna shi ne mutum ɗaya ne yake gwada abubuwa barkatai lokaci guda. Yana barci isasshe, yana motsa jiki kullum, likitoci na kewaye da shi. In lafiyarsa ta yi kyau, wa ya isa ya ce ƙwayar ce ba barcin ba? Kuma kada ka manta yana sayar da ƙwayoyi da man zaitun da sunan Blueprint.

Baban Ummi: Ƙanwata, ki bar shi gefe. Tun 1935 Clive McCay a jami'ar Cornell ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi sauran daɗewa. Shi ma rapamycin ɗin da kike kushewa, a 2009 an ba tsofaffin ɓeraye, kwanansu ya ƙaru. Wannan ma ƙarya ne?

Ɗan Jami'a: Gaskiya ne, ranka ya daɗe, sai dai ɓera ba mutum ba ne. Da aka matso kusa da mu aka gwada a kan birai, sai kan masu bincike ya rabu. Na jami'ar Wisconsin a 2009 suka ce rage abinci ya taimaka, na cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka a 2012 suka ce ba su ga ƙarin kwana ba. A kan mutane kuwa akwai gwajin CALERIE na shekara biyu. An nemi su rage kashi 25 cikin ɗari na abin da suke ci, kashi 12 suka iya. Nauyinsu da hawan jininsu sun sauka, wani ma'aunin tsufa na jini ya nuna raguwar kashi 2 zuwa 3. To ka lura, wannan rage abinci ne. Babu ƙwayar da ta yi aikin.

Malam Liman: Ni ba likita ba ne, amma hadisai biyu sun taɓo wannan magana. Akwai na Tirmizi da ya raba ciki gida uku: abinci, abin sha, numfashi. Akwai kuma wanda Manzon Allah (SAW) ya ce a nemi magani, domin Allah bai sanya cuta ba sai da ya sanya mata magani, ban da guda ɗaya: tsufa. Kula da jiki amana ce, Baban Ummi, ban hana ka ba. Kiran tsufa abin da za a kayar ne ban yarda da shi ba.

Hajiya Babba: Ku dai kuna ta turancinku. Kakarmu kwaɗon zogale da tuwon dawa da fura ta sani, ga surfe ga ɗiban ruwa, har ta ga tattaɓa-kunnenta tana zare allura da kanta.

Ɗan Jami'a: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Amma ƙawayenta da suka ci zogalen tare suka rasu da wuri, ba wanda yake ba da labarinsu.

Baban Ummi: To ko ba ta ƙara kwana, bitamin ai ba ya cutarwa.

Malamar Asibiti: Nan ne ka fi kuskure, Yaya. A Finland an ba dubban maza masu shan taba ƙwayar beta carotene, sinadarin da ke cikin karas, ana zaton za ta kare su. Sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. A 2024 kuma wani bincike da ya bi mutum kusan 390,000 sama da shekara 20 bai ga masu shan haɗaɗɗen bitamin kullum sun fi kowa daɗewa ba. Wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin wani sinadari, ko mai juna biyu, wannan daban, mu ma muna ba su. Kuma robobin da kuke yo oda daga Amurka, dokarsu ta 1994 ba ta tilasta wa kamfani nuna cewa suna aiki ba kafin ya kai su kasuwa.

Baban Ummi: Rage abinci na karɓa, tunda ku kanku kun yarda da shi. Amma robar da na saya sai na shanye ta, kuɗi na sa.

Malamar Asibiti: Turo min hoton bayanta in karanta abin da ke ciki, in ga ko akwai lambar NAFDAC. Kuma in kana kan maganin ciwon sukari, kada ka rage abinci sai ka gaya wa likitanka, sukarinka zai iya faɗuwa.