Ta ina zan fara tattara tarihin garinmu kafin tsofaffi su ƙare?

Ba'adare, Tawa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, amma asalina wani ƙaramin gari ne a ƙasar Illela, kuma abin da ya kawo ni gabanku rasuwar wani tsoho ce da aka yi mana bayan sallar layya, wanda duk gardamar da ta tashi a kan wanda ya haƙa tsohuwar rijiya ko inda kufan farko yake, wurinsa ake kai ta. Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarma sai wani yaro ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran wata unguwa tamu Marina alhali babu ramin rini ko ɗaya a cikinta. Dattawa huɗu suka ba shi amsa, babu wadda ta yi daidai da wata, daga ƙarshe ɗayansu ya ce mai amsar shi ne muka kai makwancinsa shekaranjiya. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Abin da ke hannuna kaɗan ne: kaset bakwai da ƙanen mahaifina ya ɗauki muryar wasu tsofaffi a kai zamanin mulkin Shugaba Kunce, biyu daga ciki sun cije, da wata gafaka mai takardun ajami waɗanda gara ta ci gefensu. Ina neman shawara a kan yadda zan fara, da yadda zan sa shekaru tun da tsofaffinmu ba su lissafi da su. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa shi ne, gidan sarauta na cewa kakansu ne ya kafa garin, zuriyar mafarauta kuma na cewa a nan aka iske su. Wanne zan rubuta?

Tsohon ma'aikaci, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan tsohon, ya kuma saka maka da alheri. Kada ka jira kayan aiki ko tallafin wata ƙungiya, wayar da ke aljihunka ta isa, kuma ka fara da wanda ya fi tsufa ko wanda jikinsa ya fi rauni, ko da ba shi ne ya fi suna ba. A farkon kowace hira ka faɗi rana da wuri da sunan mai magana, sa'an nan ka tambaye shi daga bakin wa ya ji abin da zai faɗa, domin labarin da mutum ya ji daga kakansa da ya ga abin da idonsa ya fi wanda ya tsinta a kasuwa nauyi. Kada ka tara su wuri ɗaya da farko. In ka yi haka, mai babbar riga ne zai yi ta magana, sauran su riƙa cewa haka ne, ka tashi da murya ɗaya kana zaton ka ji ta gari duka.

Maganar shekaru ba ta da wuya kamar yadda kake gani, domin tsofaffi suna da nasu ma'aunin. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, an soke aikin tilas a 1946, an yi ƙuri'ar i ko a'a kan zama tare da Faransa a 1958, Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, Kunce ya karɓi mulki a 1974, yunwar El Buhari kuma ta 1984 ce. Garuruwan da ke wajen Ƙonni suna da wani ma'aunin da ya fi waɗannan nisa, wato wucewar rundunar Faransawan da ta ƙone garuruwa a 1899. In tsoho ya ce maka an yi masa kaciya ana saura damina biyu a daina aikin tilas, ka sami shekarar ke nan, kuma ka ɗora sauran labarinsa a kanta.

Game da wanda ya kafa gari, ni a ganina kowane ɓangare na iya kasancewa da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke ba da labarinsa ba. Marigayi Farfesa Jibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya yi bincike mai zurfi a kan Adar kafin zuwan Turawa. Abin da aka sani shi ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa wajen 1674, kuma ba daji ya tarar ba, ya tarar da mutane da gonakinsu da wuraren tsafinsu. Saboda haka a garuruwa da yawa wanda ya sari daji daban ne, wanda ya kawo rawani daban ne. Ka rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa, kada ka naɗa kanka alƙali a tsakaninsu.

Kaset ɗin da suka cije kada ka tilasta su cikin tsohuwar rikoda, za ta tauna zaren ta tsinka shi. Ka kai su wurin mai kula da na'urori a wani gidan rediyo ya warware su a hankali, ya juye maka a kwamfuta. Takardun kuma ka ɗauki hotonsu shafi-shafi cikin hasken safiya, kada ka manna su da salatif. A nan Yamai cibiyar bincike ta IRSH da ke Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, akwai kuma CELHTO da aka kafa tun 1968 musamman domin tarihin baka, sa'an nan ma'ajiyar takardun ƙasa tana riƙe da rahotannin da kwamandojin Turawa suka rubuta a kan ƙasashen da suka mulka. Ni da zan sami yadda nake so, da gafakar nan ta zo Yamai inda gara ba za ta ƙarasa ta ba.

Ɗiyar Buza:

Malam, sannu da ƙoƙari. Duk shawarar da Baba na Yamai ya bayar ta yi, sai dai ban ji an ambaci mata ba, alhali rabin abin da kake nema a cikin gida yake. Kakata ba ta taɓa zama ta ce za ta ba mu tarihi ba, amma in ta durƙusa a gaban dutsen niƙa tana tura ɗan dutsen, cikin waƙarta take jero sunayen rijiyoyin da danginta suka sha tun daga inda suka taso har inda suka zauna, da sunan wadda ta mutu a hanya, da ganyen da suka ci shekarar da hatsi bai yi ba. Sai da na girma na gane cewa hanyar ƙaurarsu ce take rerawa, kuma yau injin niƙa ya shigo, babu mai durƙusawa balle ta rera. Mata ne kuma suka san wace aka auro daga wane gari, kuma ta wurin aure ake gane garuruwan da ke da zumunci da naku tun asali.

Tsohuwa ba za ta saki jiki da kai ba, musamman in kai ɗanta na fari ne ko surukinta. Ka tura ƙanwarka ko maiɗakinka, ta zauna ana sussuka ko ana tsince wake, hira ta zo da kanta. Kada kuma ka manta da maroƙa, waɗanda ke riƙe da jerin sarakuna cikin kirari, da wanzamai da suka san tsagar kowane gida, da maƙera. Ka tafi da goro, kuma ka ba maroƙi abin da ya dace da sana'arsa.

Dattijo daga Kaita:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni gargaɗi zan yi, domin na ga inda irin wannan aiki ya jawo ɓacin rai. A garin kakannina wani yaro ya ɗauki muryar tsoho yana faɗin asalin gidaje, ya saka ta a WhatsApp na ƴan garin da ke bida a Abijan, a ciki kuwa tsohon ya ambaci gidan da kakanninsu suka zo cikin bauta. Kafin wata ya ƙare an fasa wani aure da har an kai sadaki, kuma gidajen nan biyu ba su gaisawa har yau. Dokar ƙasa ta mayar da bauta laifi tun 2003, amma gorin asali bai fita daga bakin mutane ba. Haka maganar iyakar gona da ta gadon sarauta, abin da ka ɗauka domin tarihi gobe wani zai kai shi gaban sarki ko alƙali a matsayin shaida.

Ba cewa nake yi ka ɓoye gaskiya ko ka goge ta ba. Ka ɗauki kome, amma ka raba abin da za a watsa da abin da za a adana, kuma ka tambayi kowane tsoho a gaban ƴaƴansa wanne ya yarda jama'a su ji. Ka fara sanar da maigari domin kada a ce ka zagaye shi, amma aikin kada ya zama na fada.

Inda na saɓa da ɗan'uwana na Yamai shi ne kai gafakar can. A kai hoto, asalin ya zauna hannun masu shi cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa. Mun sha ganin masu bincike sun zo sun ɗauki magana sun tafi, jikokin waɗanda suka yi maganar ba su taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Abin da ka tara ya fara komawa garin: a karanta shi a dandali bayan isha'i inda tsofaffi za su gyara maka kuskure, a sa shi a rediyon karkara da Hausarmu ta Adar yadda aka faɗe shi, a kuma ba malaman makarantar garin kwafi. Ƴan bida da ke tara kuɗin gina masallaci ba za su gaza biyan kuɗin buga ɗan littafi ba.

Ba'adare, Tawa:

Na gode iyayena, Allah ya ƙara girma. Na bi shawarar Baba na Yamai na kai kaset ɗin, an juye biyar, ana lallaɓa sauran biyun. Daren jiya na saurari na farko, na ji muryar ƙanen mahaifina yana yi wa tsohon da muka rasa sallama, zakara na cara a bayansu, kuma can wajen tsakiya tsohon ya faɗi cewa ramukan rini goma sha biyu ne a unguwar Marina, an cike su da ƙasa bayan da wani yaro ya faɗa ɗaya. A kaset ɗin kuma akwai irin maganar da Baba na Kaita ya yi gargaɗi a kanta, don haka na cire shi daga cikin waɗanda na yi niyyar turawa ƴan garinmu.

Gafakar za ta zauna a gida, hotunanta ne za su je Yamai. Ranar Juma'a in Allah ya yarda zan tafi garin tare da ƙanwata, ni in fara gaida maigari, ita kuma ta shiga wurin wata tsohuwa da aka ce ta riga ta yi aure lokacin ƙuri'ar i ko a'a. In akwai wanda ya iya karanta tsohon ajami a nan Tawa, ina roƙon ya yi mini magana, domin shafi uku sun gagari limamin unguwarmu.