Kwalli a idon jariri: gata ne ko guba?

Gwaggo: Ni fa wannan sabon salon na hana sa wa jarirai kwalli ban yarda da shi ba. Amarya ta ce wai an ce musu a wajen awo akwai gubar dalma a ciki. Dukanku nan da hannuna na zizara muku kwalli tun kuna cikin tsumma, wa ya makance, wa ya haukace?

Amarya: Gwaggo ki yi haƙuri, ba raini ba ne wallahi. Tsoro suka ba ni.

Baba Ƙarami: Ina bayan Yaya. Gubar dalma mun san inda ta yi ɓarna, Zamfara ce a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Can dutsen zinariya mai dalma a ciki ake kawowa cikin gida ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Ina haɗin buhunan dutse da ɗan abin da ke maƙale a bakin tsinke?

Anti Nas: Baba, yadda ka faɗi labarin Zamfara haka yake. Amma 400 ɗin nan su ne waɗanda dalma ta yi wa yawa har ƙwaƙwalwa ta kumbura, suka riƙa jijjiga, aka ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. Dubbai ne suka rayu da ita a jini. Kuma a nan maganar Gwaggo take da rauni, domin dalma kaɗan ba ta makantarwa, ba ta kwantar da yaro. Yana cin tuwonsa yana wasansa, tana can tana rage masa kaifin fahimta.

Gwaggo: To abin da ba a gani ta yaya kuka san yana nan?

Anti Nas: A jini ake aunawa. Bari in faɗi yadda take aiki. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne, kuma sinadarin kalsiyam, wannan dai da ke cikin madara da ƙashi, shi ne yake ba da izinin a saki saƙon. Dalma ta yi kama da kalsiyam, sai jiki ya buɗe mata ƙofa. Kamar ɗan aiken bogi ne da ya sa rigar na gaskiya: ya kai saƙo lokacin da ba a aike shi ba, ya danne wanda aka aiko da gaske. Akwai wata mashiga a jikin ƙwayoyin da ake kira NMDA, da ita ƙwaƙwalwa take ɗaure abin da yaro ya koya, dalma tana toshe ta. Babba an gama gina ƙwaƙwalwarsa. Jariri kuwa a shekarun farko ake ɗaura hanyoyin nan, idan aka ɗaura su a karkace haka za su zauna. Sai ya shiga makaranta a ce ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a hau shi da bulala. Ban da haka tana hana jiki haɗa jini yadda ya kamata, ga yaro fari fat ana ta ɗura masa maganin ƙarin jini.

Auta: Kenan sifilin da na riƙa ci a lissafi Gwaggo ce sila? Allah ya isa ban ce ba.

Gwaggo: Kai dai lalaci ne ya yi maka yawa, ja'iri.

Kawu Malam: A yi hattara da harshe. Kwalli sunna ne, hadisi ya zo da yabon ismid. Kada garin boko a soki abin da ya tabbata.

Anti Nas: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya soki sunna. Malamai sun fassara ismid da dutsen antimoni. Wanda ake ƙullawa a leda a kasuwa, mai ƙyalli kamar an barbaɗa gilashi, sau da yawa dutsen galena ne, wato ainihin dutsen da ake fitar da dalma daga cikinsa. Da ido ba ka rabe su. A 2011 a birnin Boston na Amurka an sami jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya, da dalma a jini. Aka bi diddigi aka gano kwallin da ake sa masa ne, da aka auna shi kashi 82 cikin 100 da ɗoriya dalma ce.

Kawu Malam: To idan haka ne laifin na masu sayarwa ne. Wannan ha'inci ne, kuma abin da zai cutar ba a ce dole a yi shi ba.

Baba Ƙarami: Ni har yanzu a kan yawa nake. A ido ake sawa, ba a baki ba.

Amarya: Baba ai da an sa wa jaririyar take murza ido, hannun kuma sai baki. Kullum bayan hannunta baƙi ƙirin.

Anti Nas: Ta ba ka amsa. Ga kuma hawaye da ke gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Ba ta kuma fita da wuri, ƙashi take shiga ta yi shekaru, har idan yarinya ta girma ta yi ciki ta fito daga ƙashin ta isa ga ɗan tayi. Maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka riƙa ba yaran Zamfara sai wanda dalmar jininsa ta kai maikirogiram 45 a desilita, wato ma'aunin dalma a jini, ake ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce da an ga 5 a nemo inda take fitowa, kuma babu adadin da aka sani ba ya cutarwa. Tsakanin 5 da 45 ɗin nan yaro garau yake a ido.

Auta: Na ji ana cewa madara tana wanke ta.

Anti Nas: Ba ta wankewa. Yaron da ya ƙoshi, yake samun kalsiyam da abinci mai ƙara jini, hanjinsa ba ya tsotsar dalma kamar na mai yunwa, iyakarta kenan. Shi kansa maganin asibitin rage ta yake a jini, ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. Shi ya sa a Bagega sai da aka kankare ƙasar gidaje a 2013 kafin a fara ba yara magani, in ba haka ba su koma su sake kwasa.

Baba Ƙarami: To idan gaskiya ake so, a fara da masu fasa batirin mota a bayan layinmu da masu haƙar zinariya. Bayan Zamfara ai an sake yi a Shikira ta jihar Neja a 2015, yara 28 suka tafi. An bar jaki ana dukan taiki.

Anti Nas: Wannan ban musa ba Baba, nasu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sai dai masu batir ba a hannunmu suke ba, tandun kwalli kuwa yana kan madubin Gwaggo.

Gwaggo: Ta jaririya na ji, a bar mata idonta haka nan kamar na mage. Nawa idon kuma ba mai raba ni da kwalli, na tsufa da shi.

Anti Nas: Naki ki sa abinki Gwaggo, amma ki wanke hannu kafin ki ɗauke ta, a kuma ɗaga tandun sama inda masu rarrafe ba sa kaiwa. Amarya, tunda an taɓa sa mata kafin ki hana, ki faɗa wa likita ranar rigakafi, ki tambaya inda ake gwajin dalma a jini, don ba kowane asibiti ke yi ba.