Masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa cikin al'umma: da me kuke auna ingancin aikinku?

Nas Mai Ziyara

Assalamu alaikum abokan aiki. Ni nas ce a tawagar da ke bin masu larurar ƙwaƙwalwa a gidajensu da ƙananan asibitoci. Shugabanninmu sun ce za a sake fom ɗin rahoton ƙarshen wata, kowa ya kawo shawara. Wanda muke cikewa yanzu abu uku kawai yake tambaya: mutum nawa aka gani, ziyara nawa aka kai, allura nawa aka yi. Watan da muka fi shan wahala wajen lallashin wani da ya kulle kansa a ɗaki, shi ne watan da rahotonmu ya fi muni. Don Allah wanda ya taɓa aiki da wani ma'auni ya gaya mana: wanne ne ya taɓa nuna muku abin da ba ku sani ba, wanne ne kuma cika takarda kawai?

Likita Mai Furfura

Wa alaikumus salam Sista. Tun 1966 wani likita masanin ingancin aiki mai suna Avedis Donabedian ya kasa ingancin aikin lafiya gida uku: abin da kuke da shi na ma'aikata da magani da wurin aiki, abin da kuke yi da su, sai abin da ya samu maras lafiya a ƙarshe. Fom ɗinku ya tsaya a na tsakiya, shi ma gefe ɗaya ya kama, don yawan aiki yake ƙirgawa, bai tambayi ko an yi shi a kan kari ba.

Da za a ce in zaɓi layi ɗaya tak, zan ce a rubuta kwana nawa ne tsakanin ranar da aka sallami mutum daga gadon asibiti da ranar da wani cikinku ya gan shi ido da ido. Kwanakin farko bayan sallama su ne mafi haɗari ta fuskar kisan kai. A Ingila da ƙa'idar kwana 7 ce, daga baya suka rage ta zuwa awa 72, bayan binciken da ake yi a Jami'ar Manchester ya nuna mace-macen sun fi yawa a makon farko, musamman rana ta uku. Da muka buɗe rajistar wannan a wurinmu, abin da ya fito fili ya ba mu mamaki. Ba lalacin kowa ba ne, takardar sallama ce ke riga ta makara. Wani lokaci sai uwar maras lafiya ta zo neman ƙarin magani sannan mu ji cewa ɗanta ya dawo gida tuntuni. Abin da ya gyara shi bai wuce waya daga ɗakin jinya zuwa tawagar waje a ranar sallama ba.

Sai dai ki yi hattara da yadda za a fassara "an gan shi". Na ga inda aka buga waya, ƙanen maras lafiya ya ɗauka ya ce yana barci, aka rubuta an bibiya.

Mai Sauraro

Ranka ya daɗe Likita, wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Ni aikina zaman tattaunawa da masu ciwon damuwa, kuma PHQ-9 muke cikewa kowane zama: tambaya 9 kan yadda mutum ya ji a mako biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27. Ba zan kushe shi ba. Akwai wadda kullum take shigowa da fara'a tana cewa alhamdulillahi, ni ma na ɗauka sauƙi ke samuwa, sai na jera makinta na ga bai motsa ba ko kaɗan. Takardar ce ta sa na daina gamsuwa da gaisuwa, muka koma wurin likita aka sake duba maganinta.

Amma jimillar maki tana ɓoye abu. Na taɓa karɓar fom da jimillarsa ta sauko ƙasa sosai, irin wanda rahoto zai kira samun sauƙi, alhali tambaya ta tara, wadda ke tambayar tunanin gara mutuwa ko cutar da kai, an yi mata alama. Wanda ke tattara jimilla a ofis ba zai taɓa ganin wannan ba. Sannan idan mutum bai iya karatu ba, kai ne ke karanta masa, yana kallon fuskarka yana ba ka amsar da yake zaton za ta faranta maka.

Babbar damuwata ita ce waɗanda suka daina zuwa. Shirin tattaunawa na Ingila da aka fara a 2008 yana cikin waɗanda suka fi kowa tattara alƙaluma, burinsu rabin waɗanda aka yi wa magani su murmure. To amma lissafin murmurewar yana kan waɗanda suka yi zama aƙalla biyu ne. Wanda ya zo sau ɗaya bai ji daɗin tarbar ba ya tafi, ba ya cikin wannan lissafi. A wurinmu ma haka ne: duk wanda muka kasa riƙewa sai ya fita daga rahoto, makinmu ya ƙara kyau.

Abban Walwala

Malama kin faɗi gaskiya. Ni ma'aikacin walwalar jama'a ne, mun yi amfani da ma'aunin halin maras lafiya mai suna HoNOS, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 1996. Abu 12 yake dubawa, kowanne maki 0 zuwa 4, har da matsuguni da mu'amala da mutane da abin yi, kuma wannan ya burge ni. Matsalarsa, ma'aikaci ne ke ba da makin. Ɗalibi ne aka miƙa wa takardar jarrabawarsa ya duba da kansa. Ranar karɓar mutum hannu na nauyi a nuna matsalarsa ta yi tsanani, ranar rufe fayil hannu na sauƙi a nuna ta ragu, ba tare da wani ya yi niyyar ƙarya ba.

Bari in ba ku labarin wani matashi. Fayil ɗinsa ba laifi: ya daina jin muryoyi, ba ya faɗa, bai taɓa tsallake allura ba, ba a sake kwantar da shi ba. Na same shi da rana tsaka zaune bakin gado, hannuwa na rawa, yawu na zuba a gaban riga, in zai tashi sai ya dafa bango ya ja ƙafa. Ƙanwarsa ta ce yanzu kam hankalinsu ya kwanta. Na tambaye shi abin da yake so, ya daɗe kafin ya ce yana so ya iya riƙe almakashi, don tela ne. Babu layin da ya tambayi wannan a fom ɗinmu. Da aka rage allurar aka duba illolinta, rawar ta ragu. Tun daga nan duk wanda na karɓa sai na rubuta abin da shi ya ce yana so ya koma yi, da bakinsa, bayan wata uku in sake tambayarsa ina aka kwana. Wanda ke son ma'auni tsararre ya duba WHODAS 2.0 na Hukumar Lafiya ta Duniya, akwai mai tambaya 12, kuma abin da mutum ke iya yi a kwana 30 da suka wuce yake tambaya.

Mai Haɗa Magani

Ku saka awon jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, kuma galibi cututtukan jiki ne da ake iya karewa, irin su ciwon zuciya. Cikin magungunan da muke ba su, olanzafin na sa ƙiba da haɗarin ciwon suga, litiyam na buƙatar awon jini da duba ƙoda da maƙoƙo. Na ɗauko katunan masu shan olanzafin na duba, a yawancinsu gurbin nauyi babu komai, ga sikeli nan a lungu an ɗora masa kwalaye. Sai layi na biyu: kwana nawa a wata maganin da aka rubuta babu shi a kanta. Sau da yawa abin da aka rubuta "ya ƙi shan magani", asalinsa ya zo bai samu ba ne.

Mai Tattara Alƙaluma

Yallaɓai da Malamai, ku yi haƙuri in tsaya wa tsohon fom kaɗan. Ni ne wanda rahotanninku ke tarar wa a tebur. Mai ware kuɗi ba ya karanta labarin tela, lamba yake nema, kuma da yawan ziyara ake roƙo a ƙaro ma'aikata. Kowa a nan ya ƙara layi biyu, gobe fom ya zama shafi shida, a riƙa cika shi a tsaye daren ranar da za a miƙa. Na san rahoton da aka cika haka da gani: nauyin kowa lamba ce mai ƙarewa da sifiri. Kuma duk ma'aunin da aka ɗaura wa lada ko horo, sai an koyi yadda za a zagaye shi. In kuka ce rage komawa asibiti ne buri, za a fara jinkirta kwantar da wanda ya kamata a kwantar.

Nas Mai Ziyara

Na gode ƙwarai. Ɗan'uwa Mai Alƙaluma, ban ce a jefar da lissafin ziyara ba. Amma maganar Malama ta waɗanda suka ɓace ta tsaya mini a rai. Yaya ake ƙirga wanda ba ya nan?

Yaya Babba

Ƙanwata kafin a amsa miki, bari in saka baki. Ni na sha jinyar wannan larura da kaina, yanzu ina aiki cikin tawaga ina tallafa wa masu irin halin da na shiga. An taɓa sa ni cikin kwamitin duba wata cibiya da QualityRights, kundin duba inganci da haƙƙin masu jinya na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fito a 2012, kuma ya tanadi a saka masu amfani da cibiya cikin masu dubawa. Ma'aikatan wurin mutanen kirki ne, sun ba kansu maki mai kyau kan neman amincewar maras lafiya. Da na zauna da masu jinya ni kaɗai, kusan duk wanda na tambaya bai san sunan maganinsa ba, ba a kuma gaya masa illarsa ba. Da yawa sun ce da ɗan rakiya ake magana, su suna zaune kamar ba sa wurin. Ku ma'aikata kun san abin da kuka faɗa, mu muka san abin da muka ji. Fom ɗin gamsuwa da nas ke miƙawa ta tsaya a kanka, wa zai rubuta bai gamsu ba, alhali wata mai zuwa ita za ta yi masa allura?

Uwar Tawaga

Sannu da ƙoƙari Yaya, wannan sai wanda ya ɗanɗana. Ni abin da nake dubawa a matsayina na shugabar tawaga shi ne fuska nawa maras lafiya ya gani a shekara. Tsarin tawaga mai bin mutum har gida da aka fara a Madison ta Amurka a shekarun 1970 ya ginu kan kimanin mutum 10 ga kowane ma'aikaci, kuma ma'aunin da ake duba irin waɗannan tawagogi da shi yana ƙirga yawan ma'aikatan da suka bar aiki. Mu nawa ne ke da mutum 10? Idan nas ta gaji ta tafi, amanar da ta daɗe tana ginawa da mai zargin ana bibiyarsa ta tafi da ita. Na lura bayan kowane sauyin ma'aikaci ne rashin zuwa ke ƙaruwa.

Mai Tattara Alƙaluma

Sista, ga amsarki. Ki ɗauki duk waɗanda aka buɗe wa kati a wata guda, ki ajiye sunayen, kada a cire kowa. Bayan wata shida ki raba su: wanda ke zuwa, wanda aka sallama bisa shiri, wanda aka tura wani wuri kuma an tabbatar ya isa, wanda ya rasu, da wanda ba a san inda yake ba. Kason ƙarshen nan shi za ki saka a rahoto, kusa da shi kuma mutum nawa cikinsu aka je nema. Ku yi yarjejeniya tun farko kan kwana nawa bayan ranar alkawari za a ce mutum ya ɓace, kuma kada a bari a rufe fayil don kawai bai zo ba. Wannan layi ɗaya ne, zan iya ƙara shi ba tare da fom ya yi kauri ba. Na awon nauyi da na kwanakin bayan sallama ma za su shiga, in dai za a cire lissafin allura, don yana cikin rajistar ɗakin magani tuni.