Shaidar kwas ta isa, ko sai na sake jarrabawar lasisin jirgi maras matuƙi?

Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hotunan gine-gine da jirgi maras matuƙi a Amurka, kuma ina da lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar (FAA) na sashe na 107, wato lasisin tuƙa irin wannan jirgi don sana'a, wanda babu ranar ƙarewa a jikin katinsa. Da yake doka ta wajabta sabunta ilimi duk wata 24, na yi kwas ɗin intanet na kyauta, na kuma aika wa kamfanin da zai ba ni kwangila takardar kammalawa.

Sun dawo mini da ita, sun ce sai sun ga sabon kati mai sabuwar rana. Na nuna musu rajistar jirgin ma, amma sun kafe, ga shi aikin ya tsaya cik.

Don Allah, takardar kwas ɗin nan ta wadatar a doka, ko kuwa dole sai na koma cibiyar jarrabawa?