Taimako da gaggawa: me za a kira kuɗin da gwamnati ke karɓa a hannun masu wurin binne shara?

Mai Shirin Muhalli: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da naɗin shiri gobe da ƙarfe goma na safe, kuma tun la'asar kalma ɗaya ta hana ni sakat. Rahoton a kan Birtaniya ne. Tun watan Oktoban 1996 gwamnatinsu ke karɓar kuɗi a kan kowane tan na sharar da aka binne, su suna ce masa "landfill tax". Da fam 7 aka fara. A watan Afrilun 2025 ya koma fam 126.15 a Ingila, daga fam 103.70 na shekarar da ta gabata. Magidanci ba shi ke biya kai tsaye ba, haka ma direban motar shara. Mai gudanar da wurin ne ke kai wa hukumar haraji. Na rubuta "harajin shara", editana ya bi shi da jan biro, wai mai sauraro zai ɗauka kuɗin da ake ba yaro mai baro ne aka ƙara. Ku cece ni.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumus salam Hajiya. Harajin bola. An wuce wurin.

Bazazzagiya: Da sauri haka? Bola taku ce ta Kanawa. Harajin juji dai.

Injiniya: Ku dakata, duk biyun za su ɓatar da mai sauraro. Kuɗi uku ne a cikin harkar nan, kuma editan Hajiya ya yi gaskiya da ya ƙi a cakuɗa su. Na farko wanda gida ke biya a kwashe masa shara. Na biyu wanda mai mota ke biya a bakin ƙofar wurin: mota ta hau sikeli da kayanta, ta shiga ta juye, ta dawo ta sake hawa wayam, abin da ya ragu shi ne nauyin sharar, a kansa ake yanka masa rasit. Na uku shi ne na Hajiya, wanda mai wurin ke biyan gwamnati bisa wancan awon na sikeli. Tabbas mai wurin ba daga aljihunsa yake ciro shi ba, ɗora shi yake a kan na biyun, ya gangaro har kan ƙaramar hukuma da magidanci. Amma a takarda sunan mai wurin ne a rubuce, shi za a kama idan bai biya ba.

Sannan wurin ma ba juji ba ne. Juji tarin shara ne a fili, kaji na tono, 'yan gwangwan na tsince-tsince. Wancan rami ne da ake shimfiɗe gindinsa da laka da roba mai kauri don kada ruwan ƙazanta ya tsiyaya cikin ruwan ƙasa, a daddanne sharar da katafila, a rufe da ƙasa, a kafa bututu na zuƙe iskar metan da ruɓar ke fitarwa. Ni na fi son harajin binne shara. Na bakin ƙofa kuma kuɗin juyewa.

Ɗan Fagge: Na bakin ƙofa ai kuɗin tifa ne, Injiniya. Su ma Turawan daga juyewar tifa suka samo sunansa.

Bazazzagiya: Ka ce kuɗin tifa a Zariya a kawo maka yashi.

Malam Mai Alli: Ina karanta ku tun ɗazu, abin tausayi. Mutum huɗu, kowa haraji, haraji, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko kalmar tamu ce. Haraji Larabci ne, daga kharaj. Kuma "harajin binne shara" ba suna ba ne, bayani ne, kalma uku a jere kamar jerin gwano. Bahaushe idan ya san abu suna ɗaya yake raɗa masa. Da ya ga ana ƙirga kan shanu ana karɓar kuɗi bai ce harajin ƙirga shanu ba, cewa ya yi jangali. To ni na daɗe da ƙera wa wannan suna: jujali. Juji da jangali. Jangali a ƙirga kai, jujali a auna tan. Ku furta ku ji yadda ya zauna a baki.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, na furta. Ji na yi kamar sunan maganin basir.

Bazazzagiya: Malam, da girmanka, jangalin da ka jingina da shi Fulani za su ce maka tasu ce. Ka guje wa aron Larabawa ka faɗa aron Fulani.

Malam Mai Alli: Fulani maƙwabta ne, 'yata, tukunya ɗaya muke ci. Aron gida daban, aron ƙetare daban.

Injiniya: To Malam, alli ka ajiye ko allo? Littafi fa, da alƙalami, da darasi? Idan muka kori Larabci daga ajinka sai dai ka koyar da bebanci.

Malam Mai Alli: Ku 'yan boko kullum haka kuke. Da mutum ya kawo sabon abu sai dariya. Da Bature ne ya ce jujali da yanzu kuna rubuta shi a kan katin biki.

Tsohon Akawu: Ni ba ruwana da asalin kalma, amma ina ja wa Hajiya kunne game da duk abin da ya yi amo da jangali. Mu da muka ga zamanin, mun san yadda ake ɓoye shanu a daji idan masu ƙirga sun doso. A 1979 da Abubakar Rimi ya hau a Kano, Balarabe Musa a Kaduna, soke haraji da jangali na cikin abin da suka fara yi, kuma har gobe dattawa na tuna musu da shi. Ki ce jujali a rediyo, tsoho a ƙauye zai ajiye kofin kokonsa ya ce sun dawo.

Bamaraɗe: Ni abin da ka ba ni mamaki, in an ce Hausa sai ku zana iyaka daga Kano zuwa Zariya. Mu nan jibji muka cewa, ba juji ba. Kuma haraji mutanenmu da yawa lanho suka sani. Rediyon Hajiya ba a jin shi a ƙetaren Jibiya ne?

Ɗan Fagge: Lanho ai Faransanci ne da aka sa wa hula. Ka bari Malam ya ji ka.

Bamaraɗe: Bolar taka hwa? Daga aljanna ta sauko?

Ɗan Zangon Kumasi: A nan Ghana kowa bola yake cewa, Bahaushe da Asante da Ga, har motar ma motar bola ce. Kuma a nan cewa ake daga bakin Turawa ta fito, sunan tukunyar ƙona shara ta zamanin mulkin mallaka. Saboda haka Ɗan Fagge ya rage ɗaga kafaɗa, ba gadon kakansa ba ce. Amma in yawan masu ji ake nema, bola ta fi juji tafiya nesa.

Bazazzagiya: Kun gani ko. Juji dai ita ce 'yar gida.

Malam Mai Alli: Shi ya sa na ce jujali.

Mai Shirin Muhalli: Don girman Allah ku dawo. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, yara sun yi barci, ni ina zaune da takarda. Ga ma wata sabuwa: a sakin layi na uku rahoton ya kwatanta da jihar Kalifoniya ta Amurka, inda masu irin wannan wuri ke biyan dala 1.40 a kan tan. Amma su "fee" suka kira nasu, ba su ce haraji ba. In ce haraji duka, ko in raba?

Tsohon Akawu: Raba su, 'yata. Dubi kuɗin kawai ki gane. Dala ɗaya da 'yan kai ba ta hana kowa binne shara. Ana tara ta ne a asusun da ke riƙe hukumar kula da shara ta jihar, a biya masu duba wuraren da shirye-shiryen sake sarrafa kaya. Fam 126 kuwa bulala ce. An tsawwala ne da gangan don binnewa ta yi tsada, a koma sake sarrafawa ko ƙonawa a samu lantarki. Akwai shekarun da duk shekara sai an ƙara fam 8, har ya kai fam 80 a 2014. Alamar da za ta nuna miki manufar ita ce kayan da ba sa ruɓewa, irin ƙasa da duwatsu da kankare, nasu a 2025 fam 4.05 ne kacal. Na Ingila haraji, ba tantama. Na Kalifoniya ni da kuɗin hukuma zan kira shi.

Ɗan Fagge: In bulala ce a ce tara mana.

Tsohon Akawu: Tara sai an yi laifi. Wannan mutum da lasisinsa yake aiki.

Bazazzagiya: La'ada fa?

Tsohon Akawu: Ta dillali ce. Gwamnati ba ta haɗa mai shara da mai rami ciniki ba.

Manomin Gezawa: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne sosai. Hajiya, kar ki kuskura ki ce juji. Mu a nan juji dukiya ce. Da rani mota guda muke saya daga cikin birni a juye mana a gona, yara su bi suna tsince leda da kwalba da batir, saura ya zama taki. Kakannina da jakuna da mangala suke ɗauko shi. Ranar da kika ce gwamnati ta sa wa juji haraji, kafin azahar mai mota ya ƙara mana kuɗi, ya ce a rediyo ya ji. Ba zai tsaya jin Ingila ce ba.

Injiniya: Baba ya gama magana. Wannan hujjar ta fi tawa ta bututu.

Malam Mai Alli: To ku saurara, tunda tarihi kuke so. Kafin zuwan Bature, a Kano akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin rafi na masu lambu, akwai kuɗin karofi. Karofi mene ne? Ramin rini. Wa ke biya? Mai ramin, ba mai kawo zane a rina masa ba. Kun ga abin Hajiya sak: rami, mai rami, sarki. Da tsohuwar zuma ake magani. In kun ƙi jujali don hassada, ku ce kuɗin rami, ku bar harajin nan ya huta.

Injiniya: Wallahi Malam wannan misalin ya yi kyau, na sara maka. Matsalar kawai, a yau in ka ce "kuɗin" wani abu, farashinsa ake ji. Kuɗin mota, kuɗin makaranta, kuɗin wuta.

Ɗan Fagge: Kuɗin rami kuma a unguwarmu sadakar masu haƙar kabari ce. Ga Injiniya da binnewa, ga Malam da rami, saura likkafani.

Bazazzagiya: Wannan ne ma abin da ya ɗan tsaya mini game da "binne". Da safe mutum na karyawa a ce masa binne.

Injiniya: Ana binne taki, ana binne bututu, ana binne kuɗi a tukunya. Da zarar "shara" ta biyo baya ba mai tuna makabarta. Amma in faɗi gaskiya akwai inda kalmar tawa ta gaza. Da kuɗin ya yi tsada, wasu sun koma jibge shara a ɓoye a gonaki da tsofaffin ma'ajiyai. Shi ya sa daga Afrilun 2018 dokar Ingila ta faɗaɗa, har wanda ya zubar a wurin da ba shi da izini ana bin sa wannan harajin. Can kuwa ba binnewa ake ba, tarawa ake.

Malam Mai Alli: Allahu Akbar. Tarin shara a fili ba izini, Injiniya, me sunansa da Hausa?

Injiniya: Juji, Malam.

Malam Mai Alli: Harajinsa kuma fa?

Injiniya: Ba zan faɗa ba.

Mai Shirin Muhalli: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan karanta: "Gwamnatin Birtaniya ta ƙara harajin binne shara, wato kuɗin da masu gudanar da ramukan binne shara ke biya a kan kowane tan, zuwa fam 126.15 a Ingila." Na bakin ƙofa na ɗauki kuɗin juyewa. Na Kalifoniya na sa "kuɗin da hukuma ke karɓa", don kuɗin hukuma shi kaɗai ya yi mini kama da kuɗin baitulmali. Sunan wurin da kalma ɗaya dai ban samu ba, na bar shi ramin binne shara.

Bamaraɗe: Mu dai za mu gane. Ba don kun tambaye mu ba.

Malam Mai Alli: Kalma uku inda ɗaya ta isa. Ki karanta, 'yata, ban hana ki ba, aikinki ne. Ni dai ɗalibaina na aji uku jujali za su rubuta ranar Litinin.

Mai Shirin Muhalli: An naɗa, an watsa. Rahoton ya fita yadda muka tsara. Sai dai abokin aikina mai karanta kanun labarai, da ya zo kansa, ko duba takardar bai yi ba ya ce "harajin bola".

Ɗan Fagge: A gaishe min shi. Ɗan wace unguwa ne?